Makokin Zarami

A lokacin yaƙin Turawa na biyu aka yi ɗiban gwamna a Potiskum, aka kwashi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos. Cikinsu har da Zarami, wani manomi a unguwar Yerimaram, ɗa ɗaya tilo ga tsohuwa Ya Kaka.

Bayan kaka sai ga abokin tafiyarsa Umara ya dawo shi kaɗai, duk ya rame. Ya durƙusa gaban tsohuwar, ya ce sanyi da ciwon ƙirji sun kashe Zarami, an tura shi rami ɗaya da wasu, ba wanka, ba likkafani, ba salla.

Ya Kaka ba ta gama salati ba sai ga Bulama, mai unguwarsu, ya yi sallama.

"Ya Kaka, a yi haƙuri, kada a yi zaman makoki," in ji shi. "Za a sake ɗiban wasu. In samari suka ji sai su shige daji, ni za a kama. A ce dai bai dawo ba tukuna."

Ta dube shi.

"Bulama, da bakinka ka kira sunansa aka tafi da shi. Sun hana shi likkafani, kai kuma addu'a za ka hana shi? Matarsa fa? Ta yi ta ƙunshi da kitso alhali mijinta na cikin ƙasa? Tir!"

Nan take ta sa Mairam, matar Zarami, ta cire ado ta shiga takaba. Ta jawo tabarma da kanta har ƙofar gida, inda maza ke karɓar gaisuwa, ta zauna da carbinta. Maza suna wucewa, kai a sunkuye, don tsoron Bulama. Mata kuwa suka yi ta shiga, aka ji turmi ya ɗauka, ana dakan gumbar sadaka.

Bayan la'asar Liman ya fito daga masallaci ya gan ta. Kunya ta kama shi.

"Shiga ciki, Ya Kaka. Nan wurinmu ne."

Ya zauna, jama'a suka biyo shi, aka yi addu'a aka shafa.

Samari kuwa sun gudu daji wajen garin Nangere, Bulama ya sha faɗa a wurin hukuma har ya kusa rasa rawaninsa. Ran sadakar bakwai ya lallaɓo gaisuwa. Mazan suka amsa masa. Da ya aika da gaisuwa ciki, Ya Kaka ta ce a gaya masa ta ji, Allah yana gani.