Idon da Zinatu Ta Wanke

Sufyan ne ya kawo maganar, yana zaune a ɗakin ɗaukar hoto na ƙanwarsa Zinatu a unguwar Guéma da ke Parakou, da hular sallah a ka.

"Ki cire mini rawayar nan daga ido. Hoto Inna ta ce a aiko mata, ba tashin hankali ba."

Direban babbar mota ne a tashar Gare, amma ya ajiye tuƙi tun da shawara ta kama shi. Ciwon da ya ɗauke mahaifinsu ke nan. Shi ya sa sallah ta zo ta wuce bai taka gida Djougou ba, ya ce wa Inna aiki ne ya riƙe shi. Asibiti kuwa kullum sai gobe.

Zinatu ba ta so ba, amma yaya yaya ne. Ta zauna gaban kwamfuta ta wanke idon fes, ta ɗumama kumatun, har Sufyan ya fito kamar ango. Sannan ta tura hoton ga wani mai buga hotuna kusa da kasuwar Djougou, ya buga ya kai gida.

A nan ta yi sakaci. Ita a ma'aunin launi mai faɗi take gyara, wanda ake kira Adobe RGB, injin mutumin kuwa sRGB kaɗai ya sani. Kamar a auna gero da babban mudu ne, a ce wa mai ƙaramin mudu ya zuba adadi ɗaya. Ta manta ba ta juya ma'aunin ba, launi ya zube a hanya.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Zinatu, me ke damun yayanki?" Inna ba ta kiran sunan ɗan fari. "Fuskarsa ta yi toka-toka. Haka ubanku ya koma a watansa na ƙarshe."

"C'est le profil, Inna. Kuskurena ne, ban daidaita launi da injinsu ba."

"Ki yi mini Hausa."

"Inji ne ya kashe launin. Zan kawo miki mai kyau da kaina."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma abin da ya hana ta cin abinci ke nan. Kowace kalma da ta faɗa gaskiya ce, kuma da gaskiyar za ta rufe bakin tsohuwa har ciwo ya gama aikinsa. Masu cewa hoto shaida ne ba su taɓa zama bayan kwamfuta ba.

Ta juya hoton zuwa sRGB, ta buga a Parakou, ya fito sumul. Sufyan ya raka ta tasha yana tafiya a hankali.

"Ki nuna mata, ki dawo. Ban da surutu, madame foto."

"To, Yaya."

Ta iske Inna a tsakar gida tana yayyafa wa goro ruwa a kan ganye. Tsohuwa ta goge hannu, ta jera hotunan biyu a tabarma, na toka da mai haske.

"Kin ga? Mutum ɗaya, rana ɗaya," in ji Zinatu. "Wannan shi ne daidai."

"Ya yi kyau." Inna ta kai mai hasken kusa da fuska, ta daɗe tana kallo. "Har ya fi wanda na haifa kyau. Yayanki da ɗigon baƙi aka haife shi a farin idon hagu. Ina ɗigon?"

Zinatu ta duba. Babu. Ya tafi tare da rawayar, ba ta ma lura ba.

"Wannan ma profil ɗin ne?"

Da ta ce e, da an wuce wurin, don Inna ba ta san inda aikin inji ya tsaya ba. Zinatu ta ciro waya, ta nemo hoton farko wanda hannu bai taɓa ba, ta miƙa.

Inna ta kalli idanun, rawaya kamar an jiƙa su da kurkum. Ba ta yi kuka ba. Ta ja ganye ta rufe goron, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi.

"Zai ce na tona shi, Inna."

"Bari ya ce. Ubanku ma haka ya roƙe ni in yi shiru, na yi masa." Ta zura takalmi. "Motar Parakou ta cika da kika sauko?"