Bencin da Ya Ƙi Karyewa

Tunda aka nuna fim ɗin makarantar bayan kasuwa a talabijin, da karyayyun bencinanta da yara zube a ƙasa, gari ya ɗauka. Rediyo ba ta da zance sai gyaran makarantun gwamnati. Kafin wata ya zagayo an kafa wa makarantar bayan kasuwa sabon rufi.

To, sai ga labari masu fim za su zo ranar Laraba makarantar su Auta, 'yar Kafinta, wadda rufin ajinsu ke yoyo daidai kanta. Shugabar makaranta ta faɗo shagonsa tana haki.

"Kafinta, ka cuce mu! Shekara bakwai kana gyara mana benci kyauta, yanzu ko ɗaya babu karyayye. Me za mu nuna musu?"

"Ranki ya daɗe, a nuna musu rufin mana."

"Rufin da ba ya yoyo sai da ruwa? Kai za ka saukar mana da ruwa ranar Laraba?"

Aka tara iyaye ranar Talata don a karya benci uku kacal. Kafinta ya ɗaga guduma, zuciya ta ƙi. Mai Nama, wanda ƙofar aji ma sai ya karkace yake shiga, ya ce a bar masa. Ya hau ya yi tsalle. Shiru. Tela ya hau, Direba ya hau, wasu uku suka bi su. Ƙarti shida suna dirka tsalle, benci ko ƙara bai yi ba! Dariya ta durƙusar da Shugaba a gindin allo. Shi kuwa Kafinta, Allah ya shirye shi, ya manta abin da ya tara su, sai tafi yake yana ihu: "Aikina ke nan! A ƙaro mutum biyu!"

Ashe masu fim sun leƙo duba wuri tun ranar, kyamararsu a kunne ta taga.

Da fim ya fito, rediyo ta sake kacamewa. Wasu suka ce ga masu lalata kayan makaranta an kama. Wasu suka ce ina, wannan ai shi ne gyaran da ake nema, iyaye su riƙe makarantarsu ba sai an jira gwamnati ba. Kafinta dai bakinsa har kunne. Ko'ina ya bi sai a ce, "A ƙaro mutum biyu!" ya ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Haka ya shiga ofishin Shugaba yana washe baki. Ba ta yi dariya ba, takardar gwamnati ta miƙo masa.

"Sun ce makarantarmu abar koyi ce. Sun cire mu daga jerin waɗanda za a yi wa rufi."

Ta taga Kafinta ya ga hadari ya haɗo, ya kuma hango Auta a aji ta matsa can ƙarshen benci, tana cusa littafinta a cikin leda.