Tayoyin Bazara a Hanyar Lyon

Mai Moussa ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa manyan ma'aikatan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba. Duk ɗan Nijar da ke unguwarsu ta Bobigny ya san haka, don shi da bakinsa yake faɗa, a ƙofar masallaci da wurin biki da duk inda aka zauna shan shayi.

Cikin watan Janairu ɗiyarsa Amal ta haihu a Bron, can gefen Lyon, aka sa suna ranar Asabar.

"Malam, mu shiga jirgin ƙasa na TGV mana," in ji matarsa Saadatou. "Tun jiya télé ke cewa ƙanƙara za ta sauka."

"Da wanga kaya?" Ya nuna bokitan dambun nama da cincin da ƙullin zannuwan da suka cika falo. "A kai za ki ɗauka?"

"To ka sa tayoyin sanyi?"

"Tun makon jiya."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Tayoyin suna can jibge a ɗakin ajiya na ƙasan bene. Ranar Laraba ya kamata ya kai motar gareji, hira ta yi masa daɗi a gidan wani aboki, ya ce gobe. Goben ba ta zo ba. Saadatou kuwa ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da ɗaure kaya.

Da safiyar Juma'a suka kama hanya. Ta karanta addu'ar tafiya, ya amsa amin idonsa na kan madubi. Har suka wuce Auxerre lafiya lau, sai sanyi da farin sama. Daga nan dusar ƙanƙara ta fara zuba, da fari tsilli-tsilli, can kuma ta rufe ko'ina, ba a bambance kwalta da gona. Motoci suka jeru suna rarrafe.

Hannunsa ne ya fara faɗa masa gaskiya. Sitiyarin ya yi sakwa-sakwa, kamar ba a ƙasa motar take tafiya ba. Ya ga allon wurin hutawa, saura kilomita biyu. Direban kirki nan zai ratse ya jira. Amma in ya ratse sai Saadatou ta tambaye shi dalili, tunda ga masu tayoyin sanyi suna ta wucewa. Ya wuce. Bayan wani lokaci ya ga allo na biyu, shi ma ya wuce shi. Zufa ta jiƙa masa hammata a cikin wannan sanyi. Saadatou na jan carbi, jefi-jefi tana duba hoton jaririn a waya.

"Kunnuwanka ya ɗauko," ta ce tana dariya.

A wata doguwar gangara, kafin Beaune, fitilun motocin gaba suka yi ja gaba ɗaya. Ya taɓa birki a hankali, yadda ya sha koya wa sababbin direbobi. Bayan motar ya zille. Ya murɗa sitiyari, ko gezau. Motar ta juya sannu a hankali har ta fuskanci inda suka fito, tana zamewa da baya a tsakiyar hanya. Ga wani ƙaton kamyo na ɗaukar kaya yana gangarowa kansu, direbansa ya danne oda.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Saadatou.

Shi kuwa duk abin da ya sani na tuƙi ya ƙare. Ya ji muryarsa tana fita da ƙarfi, kamar ta wani.

"Ya Allah, ni na yi ƙarya, ba ita ba! Kada ka kama ta da laifina. Ka bar ta ta ga jikanta, ya Allah!"

Bai taka komai ba, bai murɗa komai ba. Motar ta karkata da kanta zuwa dama, bayanta ya nutse cikin tarin ƙanƙarar da aka ture gefen hanya, ta tsaya cak. Kamyon ya shuɗe ta gefensu, iskarsa ta girgiza su, ya watsa musu ruwan ƙanƙara a gilashi. Tsakaninsu da shi bai fi tafin hannu ba.

Wani bokiti ya kife a baya, ƙanshin dambu ya cika motar. Saadatou ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗarsa, tana ta maimaita alhamdulillahi, hawaye na zuba. Shi ya kasa ko sakin sitiyari.

Bayan kamar rabin awa motar masu kula da hanya ta iso. Wani dattijon Bafaranshe mai rigar ruwan ɗorawa ya sauko, ya tambayi lafiyarsu, sannan ya durƙusa ya share tayar gaba da safar hannunsa. Ya ɗago ya dubi Mai Moussa.

"Pneus été, monsieur? Tayoyin bazara a wannan yanayi, da madam a ciki?"

Gilashin a sauke yake, kuma Saadatou ta fi mijinta jin Faransanci. Mai Moussa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya fito ya tsaya ƙanƙara na taruwa a hularsa yayin da ake jawo motar da igiya.

Aka ce su bi bayan motar share hanya kada su kuskura su wuce ta. Haka suka yi ta jan jiki har Mâcon, inda ƙanƙarar ta koma ruwan sama. Duk tsawon tafiyar Saadatou ba ta yi masa faɗa ba. Sau ɗaya ta buɗe gorar ruwa ta miƙa masa. Da zagi ta yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Sun isa Bron bayan la'asar. Surukinsu Nassim ya sauko da gudu, ya rusuna ya gaishe su, ya kwashi kaya. A falo akwai baƙi biyar ko shida, Amal na zaune a kan kujera da jariri a cinya.

"Mun ji hanya ta lalace, Amal har kuka ta yi," in ji Nassim. "Na ce mata, in dai Baba ke tuƙi, ki kwantar da hankalinki. C'est un pro, gwani ne."

"Ai Mai Moussa ko ido rufe zai kawo mota Lyon," in ji wani baƙo. Aka yi dariya.

Mai Moussa ya dubi matarsa. Tana kwance mayafi, ba ta da niyyar tona shi. Da ya yi murmushi kawai, da maganar ta wuce. Ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ba ni na kawo mu ba," ya ce. "Na kusa kashe uwarki yau, Amal. Ta tambaye ni tayoyi, na yi mata ƙarya. A hanya na gane haɗarin, sau biyu ina da damar tsayawa, girman kai ya hana ni. Allah ne ya tsayar da motar nan, ni na riga na sallama."

Nassim ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Baƙon da ya yi maganar ya shiga gyaran murya.

Saadatou ta tashi ta karɓi jaririn daga hannun Amal. Ta daɗe tana kallonsa, ta sunsuna kansa, sannan ta je ta aza shi a hannun mijinta.

"Maganata da kai tana nan, Malam, ba a gaban yara ba," ta ce a hankali. "Yanzu dai yi masa addu'a."

Yaron ba shi da nauyi ko kaɗan, amma Mai Moussa ya tallafe shi da hannu bibbiyu. Ya matso da bakinsa kusa da ɗan kunnen, ya fara addu'ar, ya kasa kai ta ƙarshe. Ya dakata, ya sake farawa daga farko.