Jar Ɗamara a Ƙofar Gidan Roosdamme

Machtelt ce ta fara gani. Ta kawo wa mijinta Lievin burodi da busasshen kifi, ta tarar an sauke katakan hawa daga ƙofar gidan Roosdamme, ta ɗaga kai ta dubi garkuwar dutse mai tambarin gidan da ya yi wata huɗu yana sassaƙawa. Sai ta ajiye kwandon a ƙasa, ta tambaye shi a ina ya kwafi tambarin.

Lievin da ma mutum ne mai jin kansa, shekara ashirin yana sassaƙa a birnin Brugge. Ya ce a ina kuwa, ai ainihin hatimin tagullar maigidan aka kawo masa, ya duba ya zana.

"Ka danna shi a kakin zuma, ko fuskarsa ka kalla?"

Nan Lievin ya tuna fuskar hatimin kawai ya kalla. Ko ɗan koyo ya san a juye ake yanka hatimi, don in an buga ya fito daidai. Ran da aka kawo shi sauri ake yi, mai gadin gidan yana tsaye a kansa, shi kuwa ya raina aikin. Ga ta nan yanzu, jar ɗamara a kan ruwan zinariya, ta taso daga kafaɗar hagu maimakon ta dama. Kowa a garin ya san ɗan da aka haifa ba aure shi ake ratsa wa garkuwa ta hagu.

Da a wani gida ne, da zagi kawai zai sha. Amma gidan nan kakan maigida Wulfaert ne ya gina shi, masaƙa suka ƙone shi a shekarar tawaye, Wulfaert ya sake tayar da shi da dutse don a san ko ɗan waye shi. Shekara talatin kuwa ana raɗa a kasuwa cewa bai yi kama da ubansa ba. Wani mai sayar da kifi ya taɓa faɗi a fili, aka huda masa harshe da jan ƙarfe, Lievin yana cikin 'yan kallo. Mai sassaƙa ba da baki yake magana ba, saboda haka ya san hannunsa na dama za a nema.

Tsoro ya kama Lievin. Ya ce zai hau ya kankare, Machtelt ta ce da wane tsani, an kwashe katakan tun da hantsi. Ta ce su gudu, ya ce ƙofar gari ɗaya ce a buɗe, ta nan kuma maigidan zai shigo daga yaƙi. Suna wannan ja-in-ja ƙararrawar coci ta buga tsakar rana, suka ji kofaton dawakai a kan gada.

Wulfaert ya ja linzami a ƙofar gidansa, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon garkuwar. Barori suka sunkuyar da kai. Lievin ya zube a gwiwa, ya ɓoye hannun damansa a cikin riga, yana ta haɗa maganar hatimi da kaki a ransa.

Sai ga tsohuwa Aleidis, mahaifiyar maigidan, ta fito tarbar ɗanta tana dogara sanda. Rabonta da ƙetare ƙofar nan tun kafin a fara aikin. Ta ga inda ɗanta yake kallo, ita ma ta juya ta duba. Ba ta ko lura da mai sassaƙa ba. A saninta ba a sa dutse a gidan nan sai da umarnin Wulfaert.

Sandar ta faɗi daga hannunta.

"Ashe ka sani," in ji ta. "Wa ya gaya maka, ɗana? Ai na ɗauka daga ni sai limamin cocin nan da ya mutu muka san asirin haihuwarka."

Wulfaert ya sauko daga doki a hankali. Ya dubi uwarsa, sannan ya bi fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, barori uku, mai riƙe doki, Machtelt. Lievin ya gane ba za a bar wanda ya ji maganar nan ya fita da ita ba, ya ji da ma hannun aka sare tun ɗazu aka sallame shi.

Ya ƙara sunkuyawa ya ce: "Ranka ya daɗe, kuskure ne. Hatimin ne a juye, ban san komai ba."

"Ɗazu ba ka sani ba," in ji Wulfaert, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ya sa aka shigar da tsohuwa, ya ce duk wanda ke tsaye a nan ya biyo shi ciki ya sha giya, har da matar mai sassaƙa. Lievin ya ce ita abinci kawai ta kawo, 'ya'ya na jiranta a gida. Mai gadi ya ɗauki kwandon ya miƙa mata, ya tsaya a bayansu har suka wuce ta ƙarƙashin garkuwar, sannan ya sa sakata.