Juma'ar da Aka Ga Albarka

Tasalla ta durƙusa a zauren kawunta Alhaji Basharu a Gwandu, ƙurar motar kasuwa ba ta ko kakkaɓe ba. Tun daga Kalgo take riƙe da maganar.

"Kawu, Albarka ya rasu."

Albarka mijinta ne. Bayan azumi kaɗan ya kama hanyar Makka, da niyyar bin ƙasa kamar kowa.

"Wa ya kawo saƙon?"

"Ba saƙo. Ganin shi anka yi wuri biyu."

Ta zayyana masa. Hamidu direba ya sha fura da shi a Kano da hantsin wata Juma'a, ta biyu bayan Sallah. Bawa mai fataucin shanu kuma, da ya dawo shekaranjiya, ya rantse a wannan Juma'ar sahu ɗaya suka yi salla a Lami, can ƙasar Faransa bayan Barno. Ya yi masa magana har sau uku, Albarka ya zuba masa ido kawai. A Kalgo kowa ya san ma'anar wannan. Mamaci ne ake gani a gari mai nisa, kuma ba ya amsa gaisuwa. Tsofaffi har sun ce ta warware kitso ta shiga takaba.

"Babana wata biyu ya yi a hanyar nan, Kawu."

Alhaji ya gutsuri goro. Shi bara ya sauke farali, ta sama.

"Kano zuwa Lami? In kin ɗora wake muka tashi, da ƙyar ya nuna mun sauka. Mijinki jirgi ya hau."

"Albarka? Mutumin da ko rumbu ni ka hau mishi?"

"To zaɓi ɗaya, ɗiyata. Ko ya mutu, ko ya hau."

Mutuwar ta fi mata sauƙin yarda.

"In shina da rai, mi ya hana shi amsa ma Bawa?"

"Kunne. Abin nan ƙara gare shi kamar ana daka cikin kanka. Ni da na sauka, sai da la'asar na fara jin muryata. Wani Bature ya yi ta yi min magana, ina ce mishi amin."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye. Tana sharewa ta tambaya ko daga Lami sai ƙasa.

"Wace ƙasa? Nan mai kawai aka sha. Sai Hartum, sai ku bi ta kan teku, ba ka ganin komi sai ruwa. Kuma ta nan zai komo."

"Ba ya faɗowa?"

Alhaji ya daɗe yana tauna goronsa.

"Namu dai bai faɗo ba."

Washegari a bayan mota, buhunan gero na dukan ƙafarta, ta kasa daina kallon sama. Fili ne fetal, babu reshe ko ɗaya da mutum zai kama.

Da ta isa gida, surukarta Indo na zaune bakin ƙofa tana jan carbi.

"Shina da rai, Inna. Mota ce ya samu mai gudu, Bawa kuma ya rikita Juma'o'in."

"Alhamdu lillahi. Ƙasa dai yake bi, ko?"

Tasalla ta sunkuya tana cire takalmi.

"Ƙasa, Inna."