Aikin Lilian

Shekara tara Irimiya yana gina rumbun adana bayanai da MySQL a wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke Dutsen Kura, kuma ko da wasa ba ya son a kushe wannan manhaja a gabansa. Shi ya koya wa Lilian aikin lokacin da ta zo bautar ƙasa. Bayan shekara biyu ta koma amfani da wata manhajar daban mai suna PostgreSQL, shi kuwa ya ɗauki abin kamar ta sauya sheƙa zuwa jam'iyyar adawa.

Da wani asibiti a Sauka Kahuta ya nemi a tsara masa bayanan majinyata, mai kamfanin, Malam Jamil, ya ce kowa ya yi nasa a gwada. Ranar gwajin Irimiya yana tsaka da bayani, sai Malam Jamil ya ja kujerarsa ya koma teburin Lilian, yana kallon yadda sunayen majinyata ke fitowa nan take.

"Wannan za mu kai musu," in ji shi.

Irimiya ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Lilian, turo min aikin naki in duba, kada mu je can mu ji kunya."

Ya bi shi layi-layi har lokacin tashi, yana fatan ya ci karo da kuskure ko da ɗaya ne. Bai samu ba.

"Oga Irimiya, yaya ka gani?" ta tambaye shi.

"Ba laifi," ya ce, ya zari makullin babur ɗinsa ya fita bai ko kalle ta ba.