Sun Bi Ta Bayan Makaranta

"Ja da ƙarfi mana, Iya Enanga, ƙafar tawa ce, ba taki ba," in ji Mola Lyonga.

Ta ja igiyar takalmin, amma ƙafar ta kumbura har ta fi ƙarfinsa. Ta ɗaure iya inda ya ɗauru, ta miƙe tana dafe da ƙugu. 'Yan itatuwan ayaba ne kawai suka raba gidanta da na Mola Lyonga, kuma tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ita ce mai dafa masa, ita ce mai yi masa faɗa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. 'Ya'yansa, in ji shi, su ne matasan cocin da yake hawa dutse da su tun gashin kansa yana baƙi.

Duk garin Buea an san halinsa. Sauran masu ja-gora suna gaba suna nuna ƙwanji, shi kuwa yana can ƙarshen layi tare da wanda numfashi ya ƙare wa, jakar wani a kafaɗarsa. In an tambaye shi dalili, sai ya ce Yesu ma baya ya koma neman tunkiyar da ta ɓata. Fasto Ekema ɗin nan mai ƙaton agogo, shi kansa a goye Mola ya sauko da shi yana saurayi, ƙafa a gurɗe, yana kuka har da majina.

Shi ne kuma ya yi alkawarin. Ya zo gaisuwa da 'yan waƙar coci, ya dafa kafaɗar tsohon a gaban kowa, ya ce bana ba za a hau dutse ba sai da shi. Za su ɗaura kujerarsa a kan gora, samari su ɗauke shi har bakin daji, inda ya saba tsayar da su a yi addu'ar farko. Aka yi ta tafi. Enanga ma sai da ta share hawaye da gefen zani.

Ranar kuwa tun da safe ta fito da shi baranda, ta sa masa rigar sanyi da hula. Ta kwana biyu tana gurzar gwaza don ta yi wa masu ɗaukarsa kwakoko, ga shi nan a tukunya, nannaɗe cikin ganye, yana tururi. Mola sai tsokanarta yake yi, wai ta cika barkono don samari su zubar da shi a hanya ta huta.

Waƙa ta tashi daga coci. Ya gyara zama, yana buga sandarsa a ƙasa daidai da ganga. Waƙar ta matso har Enanga ta fara gane muryoyi. Daga nan sai ta karkata, ta yi sama, tana raguwa.

"Sun bi ta bayan makaranta," ya ce.

"Ƙila za su zagayo."

"Babu zagaye ta can." Sannan ya ƙara da cewa, "Hanyar ta fi sauƙi. Akwai baƙi daga Douala bana, ba su saba ba. Ni na koya wa Ekema a fara duba masu rauni."

Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Da zagi ya yi, da ta taya shi, su biyun su huce. Ta kira wayar Fasto, a kashe. Ta ce a cire takalmin, ya ƙi. Haka ya zauna har rana ta take, idonsa a kan dutsen, kwakoko ya huce a tukunya. Enanga ta shiga kicin tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. An ci amanarsa, an kuma ci ta da hannunta, don ita ta ɗaura masa takalmin.

Washegari bai iya fitowa baranda ba. Da la'asar tana ba shi koko a cokali, numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya kama hannunta, yana kallon ƙofa kamar mai ƙirga mutane.

"Wa ke baya?"

Ta so ta ce babu kowa, duk sun isa lafiya. Bakinta ya ƙi.

"Kai ne, Mola."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar da yake jira. Kafin kokon ya huce ya cika.

Sai da dattawan unguwa suka gama wanke shi, kashegari, sannan Fasto Ekema ya shigo da laka har gwiwa, riƙe da gorar ruwa. Ya ce daga maɓuɓɓugar dutse ya ɗebo wa Mola, don ya ɗanɗana. Da ya ga mata zaune jugum a baranda, sai ya gane Mola ya rasu, ya juya ga Enanga.

"Iya, kin san ba zai iya ba. Da ya mutu a hannunmu fa?"

"Ai ya mutu a nawa, Fasto. Ƙofar nan ba ta da nisa da hanya. Da ka tsaya ka faɗa masa."

Ya miƙa mata gorar don bai san inda zai ajiye ta ba. Enanga ta karɓa, ta sauka tsakar gida, ta juye ruwan a tsohon kaskon kaji. Kajin suka taru suna sha, suna ɗaga kai sama.